Kaftin da Ya Taka Totur a Sararin Samaniya

Akwai wani tsohon matuƙin jirgin sama, wanda kowa ke kira Kaftin, da aka naɗa shugaban wata tashar kula da tauraron ɗan'adam. Mutum ne mai kwarjini da cika ido. Illarsa guda ce: a ganinsa, duk abin da ke yawo a sama yaron gidansa ne.

Tauraron nan shi ke ɗauko hoton kogi, a gargaɗi manoma kafin ambaliya ta iso. Mansa ya kusa ƙarewa, saura na kunna inji sau ɗaya tak. Saboda haka aka harba wani kumbo ɗauke da mai, yana kewaya duniya a hanya guda da tauraron, amma yana can gabansa. Idan tauraron ya cim masa kafin wa'adin kumbon ya cika, ya rayu. Idan bai cim masa ba, tashar ma ta mutu.

Mai lissafin hanyar tauraron kuwa ƙanwar Kaftin ce, wadda ma'aikata ke kira Injiniya, shi kuma yake kira Auta.

Ta same shi a ɗakin sarrafawa, ta ce, "Yaya, birki za mu taka."

Kaftin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Auta ke nan. Ana bin abu a gaba, ke kina neman birki. Shi ya sa har yau ba ki iya fitar da mota daga gareji ba."

Ta zana da'ira biyu a allo, ƙarama a cikin babba.

"Tauraro ba tashi yake yi ba, faɗuwa yake yi, sai dai gudunsa na gefe ya sa kullum yake kuskure ƙasa. In muka rage masa gudu, zai sauko ƙaramar da'ira, ya gama zagaye da wuri, ya tarar da kumbon. In muka ƙara masa, zai haye babba, hanya ta yi masa tsawo."

"Ina tuƙa jirgi kina cin ƙasa a tsakar gida."

"Jirginka iska yake takawa, Yaya. Can babu abin takawa."

Ana cikin haka aka bugo waya cewa mahaifiyarsu ta zame a banɗaki. Injiniya ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Don girman Allah, kada a taɓa komai sai na dawo."

Kaftin ya zauna yana duban ɗigo biyu a fuskar na'ura, na gaba kumbon, na baya tauraron. Hannunsa, wanda ya saba tura totur tun yana saurayi, ya ƙi zama wuri ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce ƙanwarsa ta koya masa tuƙi a gaban ma'aikatansa. Ya ba da umarni a kunna injin, a tura gaba. Ma'aikatan suka dubi juna. Babu wanda ya taɓa musa masa ya kwana da kujerarsa. Aka kunna.

Da fari tazarar ta ɗan ragu, har wasu suka tafa. Kaftin ya gyara zaman hularsa.

Daga nan ɗigon baya ya soma hawa, yana ja da baya sannu a hankali. Tafi ya mutu. Sa'ad da Injiniya ta dawo da la'asar, babu abin da ake ji a ɗakin sai ƙugin fanka.

Ta daɗe tana duban na'urar, sannan ta ajiye jakarta.

Kaftin ya ce, "A sake kunnawa."

"Da wane man, Yaya?"

"To... ba zai sauko ba?"

"Zai sauko. 'Yar ragowar iskar da ke can za ta jawo shi ƙasa da kanta, daidai yadda na roƙe ka. Amma kafin nan kumbon ya daɗe da tafiya. Sai dai tauraron ya ci gaba da saukowa har ya ƙone."

Haka kuwa aka yi. Aka rufe tashar, ma'aikata suka watse. Da damina ta kankama, kogi ya shiga gonaki ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Kaftin ya ji labarin a rediyo yana zaune gefen gadon mahaifiyarsu, ya miƙa hannu ya kashe.

Darasi: Ya ku ma'abota wannan shafi, lalle ƙwarewar mutum a wani fage ba ta ba shi izinin hukunci a wani fagen, kuma sau da yawa mai rage gudu kan riga mai gaggawa isa. Ku saurari masani ko da ƙaninku ne. A daure a tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da ragamar jama'a.