Munir da Kalmomi Dubu Biyu

Akwai wani saurayi ɗan garin Guci mai suna Munir, yana karatun adabin Ingilishi a jami'a a Damagaram. Kai, Munir akwai ƙwaƙwalwa, akwai kuma girman kai!

Manyan kalmomin Ingilishi dubu biyu ya haddace da fassararsu ta Faransanci, layi bayan layi, kamar mai tilawa. Littattafan kuwa bai taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

Ruma'isa 'yar ajinsu, 'yar garin Waca, ita da Hausa take rubuta ma'anoni a kaye, wato littafinta na rubutu. Ya sha yi mata dariya: "Ingilishin bakin rijiya!"

Jarrabawa ta zo. Aka ba su shafi guda na labari, aka ce su bayyana kalmomin yadda marubucin ya nufa. Munir ya faɗi warwas. Shekararsa ta biyu ke nan a aji ɗaya. Saura jarrabawar gyara nan da kwana shida, in ya sake faɗuwa kora ce.

Abinci ya gagare shi. Ya maimaita hadda har muryarsa ta dishe, a banza. Wa zai gaya wa mahaifinsa, wanda duk Guci ta ji daga bakinsa cewa ɗansa zai zama farfesa?

Dole uwar na ƙi. Ya hau motar Waca.

Ya tarar da Ruma'isa tana ɓarar gyaɗa da kakarta Fanta.

"Don Allah ki cece ni," ya ce.

"To, mene ne forlorn?"

Ya zubo Faransanci tiryan-tiryan.

"A'a. Gaya wa Kaka da Hausa."

Ya fara da Hausa, sai ya sake zamewa cikin Faransanci.

Ruma'isa ta ce, "Ka taɓa ganin ɗan akuyar da aka sayar da uwarsa ran kasuwa, yana tsaye a turke, ya gaji da kuka?"

Kaka ta dubi Munir ta ce, "Ayya, ai ga shi nan zaune gabanmu."

Kwana biyar suna bin littafi shafi-shafi, Kaka na gyara musu Hausa.

Sakamako ya fito: goma cif cikin ashirin, daidai makin tsallakewa, ko rabin maki bai yi rara ba. Munir ya zube ƙasa gaban allon sakamako yana kuka, bai damu da masu kallo ba.

Darasi: Kalmar da ba ka iya bayyana wa kakarka ba, ba ka san ta ba tukuna. Kada ka raina wanda ke koyo a hankali. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani.