Tukunyar Tasalla Mai Yoyo

Kaka: Ga ta nan tafe, ga ta nanku, masu kunnuwa!

Yara: Ta zo mu ji ta, Kaka!

Kaka: Wannan amsar ta masu jin yunwa ce. Na ce ga ta nan, ga ta nanku!

Yara: Ta zo mu ji ta!

Yauwa, yanzu na ji. Kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci. Ke Hajo, matsa wa ƙanwarki ta zauna.

Wata mata ce, sunanta Tasalla, maginiyar tukwane. Kai, matar nan ta iya gini! In ta gina tulu ta gasa, sai ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. In ya ce ƙwal, ta ajiye. In ya ce ɓus, ko tsagar ba ta kai silin gashi ba, nan take za ta rotsa shi da ƙasa. Tun da take, ba a taɓa ganin tukunyarta ta yi yoyo ba. Har kirari mata suke yi mata a kasuwa, suna cewa Tasalla ba ɗigo.

Innarta kuwa tana can wani ƙauye mai yashi a bakin gulbi. Tana da wata shuka mai yaɗo a jikin dangarta, ana ce mata hau-danga. Furenta ja wur, ƙamshinta tun daga bakin hanya yake tarar baƙo. A inuwarta aka yi wa Tasalla kitso tana ƙarama, a inuwarta ta koyi cuɗa yumɓu.

Ran nan Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. Kafin a share makoki, awaki sun faɗa gidan sun cinye shukar ƙarƙaf. Tasalla ta duba, ta duba, da ƙyar ta tsinci 'yan rassa uku masu sauran rai. Ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta goya su a baya kamar jariri, ta kawo gida. Duk duniya ba ta da abin Innarta sai su.

To, gidan Tasalla a kan fako yake, in ka sara fartanya sai ta dawo maka. Ta ce, "Ba komai, ai ni mai tukwane ce." Ta ɗauko tukunya mai kyau, ta cika ta da ƙasa, ta dasa reshe ɗaya. Sauran biyun ta mayar cikin tsumma ta ajiye a inuwa. Tana ba shi ruwa tana waƙa. In na yi, ku ce hau danga.

Sha ruwa, 'yar Inna.

Yara: Hau danga!

Kar ki bar ni ni kaɗai.

Yara: Hau danga!

Lokacin kuwa bazara ce, rafi ya ƙafe, ƙishirwa ta ishi kowa. Sai ga Kurege a kan katanga, leɓensa duk ya bushe. Ya leƙa, ya ga ruwa ya kwanta a kan ƙasar tukunya yana ƙyalli.

Ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo."

Ta ce, "Yauwa, Kurege. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. A'a! Ba hau-danga nake gani ba? Ai a gindin irinta aka yanke mini cibiya."

Tasalla ta ji daɗi. Ta ce, "Ashe ka san ta! Gaya mini, me take so?"

"Ruwa, Gwaggo. Ki yi ta zubawa har sai kin ga fuskarki a ciki."

Ta yi ta zubawa. Da ta juya baya, Kurege ya dira, ya kafa kai, ya sha ya ƙoshi. Ruwan da ke gindin tukunya kuwa yana nan kwance, ba inda za shi, don tukunyar Tasalla ce. Ganye ya yi rawaya, ya langwaɓe, ya zube. Ta ciro reshen, gindinsa ya yi baƙi ƙirin yana ɗoyi. Ta zauna ta yi kuka.

Kurege ya zo ta'aziyya har da sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya jiƙan rai, Gwaggo. Ni na san abin da ya kashe shi. Tukunyar ce ta yi kaɗan, ƙishirwa ta kama shi."

Tasalla ta mirgino randa, irin wadda yaro zai ɓuya a ciki. Ta cika ta da ƙasa, ta dasa na biyu.

Sha ruwa, 'yar Inna.

Yara: Hau danga!

Kar ki bar ni ni kaɗai.

Yara: Hau danga!

Wannan karon, ɗan banzan ya zo da matarsa da 'ya'yansa, har da surukarsa. Suka sha, suka yi wanka, ƙananan har da ninƙaya. Na biyu ma ya bi ɗan'uwansa.

Saura nawa?

Yara: Saura ɗaya!

Saura ɗaya tal. Tasalla ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar da ta fi kowacce, wadda ta ƙi sayarwa ko da matar mai gari ta aiko. Baƙa ce sumul, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta daɗe tana amsawa. Ta ce, "In wannan ba ta riƙe ki ba, babu mai riƙe ki." Ta dasa na ukun.

Sha ruwa, 'yar Inna.

Yara: Hau danga!

Ke kaɗai kika rage mini.

Yara: Hau danga!

Reshen ya fitar da 'yan ganyaye. Tasalla ta yi guɗa. Ana nan, ana nan, sai bakin ganyen ya fara rawaya. Wayyo! Ran nan da safe ta durƙusa gaban tukunya, ta rasa abin yi. Sai ta ga ƙasa tana motsi. Ga Tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ta fito jiƙe sharkaf, tana haki, tana neman bakin tukunya.

Tasalla ta ce, "Ke kuma ina za ki?"

Tana ta ce, "Ƙaura zan yi. Matsa mini."

"Me aka yi miki?"

"Me aka yi mini? Gidan naki ƙofar shiga gare shi, babu ta fita. Ruwan jiya yana nan, na shekaranjiya yana nan, sun ruɓe sun hana mu numfashi. Ni ina da inda za ni. Saiwar nan da na baro a ƙasa ita ce abar tausayi, ba ta da ƙafa."

Ta sulale ta yi tafiyarta, ko sallama babu.

Tasalla ta bi ta da kallo. Sai ta tuna gidan Innarta, inda in ka zuba ruwa a yashi, kafin ka ɗaga kai ya wuce. Ta dubi tukunyarta. Ta ce, "Ashe ni ce. Ashe iyawata ce take kashe su."

Ta tashi ta ɗauko ƙusa.

Kurege yana kan katanga, ya ga abin da za a yi. Ya ce, "Gwaggo! Me za ki yi da ƙusa?"

"Huda ta zan yi."

"Subhanallahi! Maginiya ta huda tukunya da hannunta? Kakanninki sun taɓa yi?"

"Ba su taɓa ba."

Ta karkata tukunyar a hankali, ta tokare ta da gwiwa, ta kafa ƙusa a gindinta, ta fara murzawa.

Ya ce, "Za ta tarwatse fa! Ki rasa tukunya, ki rasa reshe!"

"In ta tarwatse, na gina wata."

Ta ɗiga ruwa a wurin, ta ci gaba da murzawa, ƙir, ƙir, ƙir.

Ya diro ya tsaya a gabanta. Ya ce, "To wallahi sai na kai kasuwa. Sai kowa ya ji Tasalla ba ɗigo ta zama Tasalla mai yoyo!"

Nan fa hannunta ya tsaya. Kun san suna ba wasa ba ne, tun tana budurwa take gina shi. Hawaye ya zubo mata. Ta dubi ganyen nan da ya fara rawaya. Sai ta ce, "Je ka faɗa, Kurege. In ka manta wani, dawo in tuna maka."

Ta danna ƙusa. Ɓul! Ruɓaɓɓen ruwa ya yi tsartuwa, baƙi, mai wari, ya sami Kurege a fuska daidai lokacin da ya buɗe baki zai ƙara magana. Ya yi tsalle yana tofar da yawu yana "Tir! Tir!" Kai Ɗanliti, dariyar ta isa, kar ka shaƙe.

Kurege bai fasa ba kuwa. Ya je kasuwa ya hau kan rumfa ya yi ta shela. Mata suka riƙe baki. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce baƙin cikin rashin uwa ne ya taɓa ta. In ta wuce, sai a yi ta ƙus-ƙus, 'yan mata suna cewa "ɗis, ɗis" a bayanta. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Ni dai in ana maganar mace, a ba ni Tasalla. Ta ɗora tukunyar a kan duwatsu kamar murhu, don ruwa ya sami hanya. Ta kai ta inda hantsi yake dukanta. Ba ta ƙara ba ta ruwa da ka ba, sai ta tsoma yatsa a ƙasa tukuna, in da laima ta haƙura. Ta kawo busasshen kashin awaki wanda ya daɗe, ta marmasa, ta barbaɗa kaɗan. Da reshen ya miƙe yana lalube a iska, ta kafa masa karan dawa, ta ɗaure shi da tsumma mai laushi, ba ta matse ba. Da ya yi tsawo ta tsinke kansa da farce. Zuciyarta ta yi zafi, amma inda ta tsinke sai rassa biyu suka fito. Ta kewaye shi da ƙaya, akuya ta zo ta shinshina ta koma da haushi.

Shuka ta kama kara, ta kama danga, ta bi ta, ta haye, ta leƙa waje.

Ran nan Tasalla ta fito da tsintsiya za ta yi shara, sai ƙamshi ya tare ta a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai. Danga ta yi ja wur, tun daga wannan kusurwa har waccan, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ta je ta zauna a inuwar, ta jingina kanta da tukunya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Kin sha hanya."

Kafin rana ta take, matan gari sun cika ƙofar gida, har da masu cewa ɗis, ɗis. Suka tsaya suna kallo cike da kunya. Can wata dattijuwa ta ce, "Tasalla, don Allah ki sam mana reshe." Wata ta ce, "Da tukunyar ma. Irin mai yoyon."

Tasalla ba ta goranta wa kowa ba. Ta yanka, ta yanka, ta ba kowacce. Ta koma gini, kuma tun yumɓu yana ɗanye take sa yatsa ta huda gindin. Da shekara ta zagayo, babu dangar da ba ta yi ja ba a garin nan. Ko awakin duniya za su taru, ba za su iya cinye shukar Innarta ba kuma.

Shi ya sa har yau, duk tukunyar da za a dasa fure sai an huda gindinta. Ku kuma ku riƙe wannan: abin da kuke so, ku ba shi abin da yake buƙata, ko da zai ci muku suna.

Ƙurunƙus, kan kurege mai wari!