Ƙwaryar da Yaya Ta Kife

Akwai wata mata mai suna Dinatu, tana da yaya, Afiniki. Wata rana da tsakiyar damina, lokacin da ɗinya ke nuna, suka ɗauki ƙorai, suka haye rafi, suka shiga kurmin da ke arewa da garinsu.

Ku da kuka taɓa tsintar ɗinya kun san in ta nuna da kanta take faɗowa, kai dai ka sunkuya ka tsinta. To, wanda ya sunkuya ba ya ganin hanya. Shi ya sa matan garin suke da wata al'ada. In an rarrabu a kurmi, jim kaɗan sai ɗaya ta ce, "Kina nan?" ɗayar ta amsa, "Ina nan." Da haka ba mai ɓata.

Ran nan an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, rana tana ratso ganye kaɗan kaɗan, kurciya tana kuka can nesa. Dinatu ta zaga bayan wani dutse, sai ga wata tsohuwar bishiyar ɗinya, ƙarƙashinta baƙi ƙirin da 'ya'ya, kamar an yi shanya. Ta jefa ɗaya a baki, zaƙi har kunne.

Sai ta ji yayarta tana kira. Ta buɗe baki za ta amsa, ta kuma fasa. Ta ce a ranta in ta amsa Yaya za ta zo a raba, bari ta cika ƙwaryarta tukuna. Kun ji fa, 'yar'uwarta ciki ɗaya! Aka sake kira, ta yi gum. Daga wannan bishiya ta hango wata, daga waccan wata. Tana tsinta tana tunanin maɗin da za ta dafa, kiran kuwa yana ta nisa, har ya zama kamar muryar da mutum ke ji cikin mafarki.

Da ƙwarya ta cika ta ɗaga kai, sai ta ga hadari ya haɗu a gabas. Kowace bishiya ta yi kama da ta kusa da ita. Tsoro ya kama ta ƙwarai, gama ta san in ruwan nan ya sauka rafi zai cika, ba mai hayewa. Ta yi ta cewa tana nan, tana nan, amma ba wanda ya amsa.

Can sai ta ji ana buga wani abu, ƙwam, ƙwam, ƙwam, ba fasawa. Ta bi ƙarar, ƙaya tana yagar zanenta, har ta fito bakin rafi. Ga Afiniki a tsaye, muryarta ta dushe don kira. Ta kife ƙwaryarta tana bugawa da itace, gama cikakkiyar ƙwarya ba ta ƙara. Ɗinyar da ta wuni tana tsinta duk tana zube cikin laka.

Afiniki ba ta yi faɗa ba. Da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Kina nan?"

Dinatu ta fashe da kuka, ta ce, "Ina nan, Yaya."

Suka haye rafin ana yayyafi, ruwa ya riga ya kai musu gwiwa.

Ma'anar wannan misali ita ce, kurmin nan duniya ce, ɗinya kuwa abubuwa ne masu daɗi da muke tsinta a cikinta. Ɗinya ba zunubi ba ce, shirun nan ne ya ɓatar da Dinatu. Ubangiji yana kiranmu kullum, mu kuwa mukan ce sai ƙwarya ta cika, don muna tsoron zai ce a raba. Ni ma na taɓa yin shirun nan, ina kuma jin kunyarsa har yau. Amma Mai Cetonmu bai koma gida ya bar mu ba. Ya zubar da dukan abin da yake da shi, har ransa, domin mu ji inda yake.

Hadari yana haɗuwa, 'yan'uwa. In ka ji kira yau, ka amsa, ko da bakinka cike yake da ɗinya.