Ƙwan Zabuwa a Akurkin Kaza

Dalilin da ya sa Kaza ke ƙyanƙyashe ƙwan Zabuwa, ita kuwa mai ƙwan tana gefe tana zazzaga masifa, ga shi. Ku natsu, yara, ba zan maimaita ba.

A da, kowace tsuntsuwa ita ke kwanci a kan ƙwanta. Abin ya sauya ne wata Laraba, kwana tara da saukar ruwan shuka, ƙarfe tara na safe. Kaza ta dawo daga tono ta tarar da ƙwai bakwai masu ɗigo-ɗigo a akurkinta, Zabuwa na tsaye a ƙofa.

"Maƙwabciya, wannan fa?"

"Nawa ne, na gaji da su. Ki kwanta ko ki fasa, ruwanki."

Kaza ta ja tsaki, amma ta kwanta. Kwana ashirin da takwas, har cinyoyinta suka sage. Da 'ya'yan suka fito, kullum da sassafe sai su ruga wajen uwarsu, ita kuwa ta bi su da sara. "Ku koma, munana! Wa ya ce na san ku?" Su dawo suna kuka, Kaza ta yi ta lallashi, takaici kamar ya kashe ta.

Ran nan ta ƙirga, shida. Autan ya sulale ya bi uwarsa cikin ciyawa. Kaza ta bi sawu tana zage-zage, raɓa ta jiƙa ta sharkaf. Can ta iske Zabuwa a durƙushe, ta rufe shi da fiffike tana ɗumama shi. Ya riga ya sandare.

"Bara goma sha biyu na ƙyanƙyashe," in ji Zabuwa. "Ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Suka biyo ni cikin raɓa, sanyi ya kwashe su duka. In na sakar wa waɗannan fuska sau ɗaya, biyo ni za su yi."

"Haba baiwar Allah! Da ba sai ki gaya mini ba?"

"Ke? Ƙwai ɗaya kike yi, unguwa duka ta ji."

Kaza ta juya, ta koma wajen sauran shidan.

Shi ya sa har yau ƙwan Zabuwa a ƙarƙashin Kaza yake ƙyanƙyashewa. A gidan kuwa, waɗanda suka saura su ne Kaza da ciwon cinyarta, da 'ya'ya shida da suka girma suna cewa uwarsu ba ta ƙaunarsu, da Zabuwa a kan danga, tana ƙirga su kowace safiya, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.