Shafin Ladidi a Littafin Baba Job

Akwai wani tsohon manomi a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, ana ce masa Baba Job. Da damina yana gonar masararsa kamar kowa. Ran Lahadi kuwa shi ne mai kaɗa wa matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'ar ƙauyen, jita. Ya shekara talatin yana wannan aiki da wata tsohuwar jita, wadda har fentinta ya goge a inda hannunsa yake zama.

Da girma ya fara kama masa yatsu, sai ya tara mutum shida masu sha'awa yana koya musu duk ranar Asabar da yamma a gindin ɗorawa. Dukansu manya ne masu iyali. Wadda ta fi naci a cikinsu ita ce Murna, wata tela mai 'ya'ya uku.

Kayan koyarwarsa uku ne kacal: jitar, da guntun fensir mai robar tayar keke, da wani littafin rubutu mai bangon kwali.

Bari in yi muku bayanin fensirin, don a kansa labarin yake. Wuyan jita yana da gidaje a tsakanin ƙananan ƙarafa, gida na ɗaya yana can wajen kai. Idan aka ɗaure fensir a wani gida ya danne tsirkiyoyin duka shida, sautin jita yakan canja. A matsar da shi gaba, sauti ya yi sama. A ja shi baya wajen kai, sauti ya sauko.

Littafin kuwa, shafukansa na farko zanen yatsu ne. Baba Job ya zana wuyan jita da hannunsa, ya sa ɗigo a inda kowane yatsa zai zauna. Kamu uku, wato salon zaman yatsu uku, kawai ya koyar, ya ce wanda ya riƙe su da kyau ba zai ji kunya ba. Sauran shafukan kuma kowanne sunan mace ne a samansa. Ga shafin Atu, ga na Ladidi, ga na matar Maitama. A ƙarƙashin kowane suna akwai lambar wani gida na wuyan jita.

Dalilinsa shi ne, kowace mace a zumunta da inda muryarta ta fi sakewa. Da zarar ya ga wadda ta miƙe za ta tayar da waƙa, sai ya ɗaure fensir a gidanta, ya ɗan taɓa tsirkiya a hankali, ita kuma ta tashi daga nan. Masu kaɗa tulu da masu girgiza caki su biyo baya.

Ana nan sai ga Mark ya zo gida cikin kaka, don ya taya mahaifiyarsa Mama Ladidi kwasar masara. Shi ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kama sunansa, Ɗanasabe take ce masa. Ya yi karatun kiɗa a Zariya, yana koyarwa a wata makaranta a Funtuwa. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya jita. Idan yana kaɗawa ba ka ganin yatsunsa don sauri. Matsalarsa ɗaya, ya san ya iya.

Dattawa suka roƙe shi ya leƙa ajin Baba Job ya ba da tasa gudummawa. Ya zo da wani bugaggen littafi mai hotuna masu ƙyalli, da maƙallin ƙarfe na zamani da ke yin aikin fensir, da wayarsa mai saita tsirkiya. Ya karɓi littafin tsohon yana juya shafuka, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Baba, wannan littafin koyon jita ne ko rajistar matan zumunta?"

Wasu daga cikin ɗaliban suka taya shi dariya. Ya shiga yi musu bayani cewa kiɗa yana da ƙa'ida, kowace waƙa da sautin da aka gina ta a kai, kuma mai waƙa shi ke bin kayan kiɗa, ba kayan kiɗa ke bin mai waƙa ba.

Baba Job bai yi musu da shi ba. Ya ce ilimi kogi ne, madalla da mai ƙara musu. Ya naɗe robarsa a jikin fensir, ya sa littafinsa a hammata, ya tafi gida. Asabar ta gaba bai fito ba. Murna ce kaɗai ta nuna abin bai yi mata daɗi ba, amma ta bar shi a ciki.

Kada ku ce littafin Mark bai yi amfani ba. Ya yi. Cikin mako biyu ɗaliban sun koyi sababbin kamu huɗu, har suna faɗin sunayensu da Turanci suna jin kansu.

Sai lokacin godiyar kaka ya matso, ranar da kowane gida ke kawo nasa rabon amfanin gona gaban majami'a. A ƙauyen nan, shekara ashirin da bakwai ke nan Mama Ladidi ce ke tayar da waƙar shigowa da kwandon farko. Daga bakin mahaifiyarta ta ɗauko waƙar. Ba ta da gona babba, ba ta da shanu, amma wannan waƙa tata ce, kuma duk shekara ita take jira.

Mark ya yi shiri na musamman don ya faranta wa mahaifiyarsa. Akwai wani tsohon kaset da aka ɗauki muryarta a wani taron mata shekara ashirin da suka wuce, ya sa an juye masa a waya. Ya saurara da kyau, ya gano daidai sautin da ta yi waƙar, gida na biyar.

Ranar gwaji, matan zumunta suka taru. Ya maƙala ƙarfensa a gida na biyar ya ba mahaifiyarsa sauti. Ta tayar. Farkon waƙar ya tafi lafiya, amma akwai wani wuri da ake haurawa sama, inda ake cewa an shuka da tafin hannu an girbe da kwando. Tana isa nan muryarta ta tsinke.

Aka sake. Ta sake tsinkewa a wuri ɗaya, har da tari. Wasu ƙananan mata a baya suka kasa riƙe dariya, ba don mugunta ba, abin ne ya zo musu ba shiri.

Mama Ladidi ta ajiye cakinta a kan benci. Ta ce, "Na tsufa. A ba wata." Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita.

Gidanta ya yi tsit kwana uku. Matar da ko tsintar wake take yi sai ka ji tana waƙa a ƙasa-ƙasa, yanzu sai ƙarar faifai kawai. Ta aika wa shugabar zumunta cewa a nemi mai tayar da waƙar bana, ita ta gama. Saura kwana goma a yi godiyar kaka.

Abin ya dami Mark ƙwarai. Ya sake sauraron kaset ɗin, ya sake aunawa, gida na biyar ne ba kuskure. Ya roƙi mahaifiyarsa, ta ce masa ya bar maganar. Da ya kai wa Murna ɗinkin rigarsa ya yi mata ƙorafi, sai ta ci gaba da taka kekenta ba ta ko ɗago ba. Ta ce ya je ya karanta rajistar nan da ya yi wa dariya.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Washegari da hantsi ya sami Baba Job a ƙofar gida yana ɓarar masara. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya daɗe yana kame-kame kafin ya roƙi a nuna masa shafin mahaifiyarsa. Tsohon ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin ya miƙa masa, ya koma kan masararsa.

A saman shafin an rubuta Ladidi. A ƙasa an rubuta gida na biyar, amma an soke shi da layi. An rubuta gida na huɗu, da shekarar 2012 a gefe, da ɗan bayani: bayan rasuwar mijinta, ba ta kaiwa sama kamar da. Shi ma an soke. Sai gida na biyu, 2019, bayan tarin da ya kwantar da ita wata biyu. An soke wannan ma. Na ƙarshe na bara ne, gida na ɗaya.

Can ƙasan shafin, da ƙaramin rubutu, an sa: Kada a gaya mata.

Mark ya sake karanta shafin. Lokacin da mahaifinsa ya rasu yana makarantar kwana, kwana bakwai ya yi a gida ya koma. Lokacin tarin kuwa yana Zariya, aka ce masa mura ce. Shi da ya sha nonon matar nan bai san muryarta ta sauko ba, ga wani tsoho mai guntun fensir yana bin ta gida-gida shekara goma sha biyu, yana saukowa inda take don kada ta ji kunya a gaban jama'a. Kunya ta kama shi, da wata irin godiya da ya rasa yadda zai faɗe ta. Hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na raina abin da ban sani ba."

Baba Job ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana. Hannunka ya fi nawa, wannan kowa ya gani. Kaset ne ya yaudare ka. Shi ba ya tsufa, uwarka kuwa tana tsufa."

Mark ya roƙe shi ya dawo ya kaɗa mata da kansa. Tsohon ya nuna masa yatsunsa da suka kumbura a gaɓoɓi, ya ce ba za su kai ƙarshen waƙar ba. Ya ba shi fensirin da robar. Ya gargaɗe shi kada ya sake roƙonta, kada kuma ya yi mata bayani. Ya zauna kawai a tsakar gida lokacin da take aiki, ya riƙa kaɗa waƙar a gida na ɗaya a hankali, kamar mai koyo.

Haka ya yi. Ranar farko ta wuce shi sau uku kamar ba ta ji ba. Rana ta biyu tana sheƙar dawa ya ji tana bin kiɗan da hanci. Rana ta uku ta buɗe baki. Da ta iso wurin nan na tafin hannu da kwando, sai ta haye shi sumul ta sauka lafiya. Shi kuwa ya ci gaba da kaɗawa, bai ɗago kai ba. Da yamma ta yafa mayafi ta ce za ta leƙa gidan shugabar zumunta, ta ji ko an riga an ba wata.

Cikin makon, da izinin Baba Job, Mark ya hau mashin zuwa Malumfashi, shagon wani Malam Kabiru mai fotokwafi. Ya sa aka buga wa kowane ɗalibi kwafin littafin, aka haɗa shi da nasa bugaggen, aka bar fararen shafuka a baya don kowa ya rubuta sunayen waɗanda zai kaɗa wa. Shafi ɗaya ne, na mahaifiyarsa, ya hana a buga. Malam Kabiru ya tambaye shi dalili, ya ce amanar wani ce.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika maƙil. Ga buhunan masara, ga dammunan dawa, ga waken suya da barkono an jibge a gaba. Baba Job yana benci na farko. Murna tana gefen Mark da jitar aro, karo na farko da za ta kaɗa a gaban mutane. Mama Ladidi ta miƙe da kwando a kai. Mark ya ɗaure fensir a gida na ɗaya, ya ɗan taɓa tsirkiya a hankali. Ta tayar, mata suka amsa, tulu ya ɗauka. Har ta kai ƙarshe muryarta ba ta girgiza ba.

Bayan an tashi, suna tafiya gida da mahaifiyarsa, Mark ya so ya rufe asirin da aka ba shi. Ya ce mata rannan a wurin gwaji jitarsa ce ba ta saitu ba.

Ta tsaya ta dube shi, ta yi murmushi.

Ta ce, "Ɗanasabe, ni za ka yi wa wayo? Tun shekarar da ubanka ya rasu nake ganin fensirin nan yana ja da baya. Ina da ido. Job bai faɗa ba don kada in ji kunya, ni ma ban faɗa ba don kada in ɓata masa alherinsa."

Ta juya ta koma inda tsohon yake tsaye yana dogara sanda. Ta rusuna a gabansa, a gaban mutane, ta ce ta gode, godiyar shekara goma sha biyu. Baba Job ya rasa inda zai sa idonsa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ashe kin sani."

Darasi: Iya abu daban, sanin mutanen da kake yi dominsu daban. Kada ka raina tsohon littafi don bangonsa ya yage, wataƙila a cikinsa aka rubuta abin da kai ba ka lura da shi ba a cikin gidanku. Kuma akwai mutanen da suka daɗe suna saukowa inda muke ba tare da sun faɗa ba. Idan ka tuna da naka, kada ka jira shekara goma sha biyu, je ka gode masa yau. Ka tura wa wani wannan labari, ko shi ma ya tuna da nasa.