Malaman Nafi'u Biyu

An ce wai a wani gari an yi wani malamin makaranta, Malam Haladu, wanda alli ya cinye wa yatsu wajen koyar da 'ya'yan mutane. Ran nan sai wani attajiri, Alhaji Bawale, ya kai ƙararsa gaban hakimi, yana neman a kore shi daga makarantar gari, wai ya kashe wa ɗansa Nafi'u ƙwaƙwalwa, tunda yaron ya faɗi jarrabawa warwas.

Ran Malam Haladu ya ɓaci matuƙa, kuma dole ya ɓaci. Sau nawa ya aika a faɗa wa Alhajin cewa yaron gyangyaɗi yake yi a aji, amma ko leƙowa bai yi ba? Yau ga shi gurfane kamar ɓarawon akuya, aikinsa da mutuncinsa suna hannun mutumin da bai san ko ajin ɗansa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan da kaifinsa na kai shi, aka dawo mini da shi fanko. A kori malamin kawai!"

Hakimi ya ce, "Wato malamin da yaro ke wuni a gabansa, shi ke da alhakin abin da ke kansa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Wanda ya ɗauko malamin fa?"

"Shi ma a hukunta shi, ko waye!"

Hakimi ya sa aka matso da Nafi'u, ya tambaye shi wani ɗan lissafi da ko mai tallar ƙosai ba za ta tsaya tunaninsa ba. Yaro ya kai hannu aljihu, ya ce, "Bari in duba a waya." Aka hana shi, lissafi ya gagare shi. Malam Haladu ya sunkuyar da kai don takaici, ya tabbata tasa ta ƙare.

Sai hakimi ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, na ji ana wani wasan yaƙi a wayar nan. Ni tsoho ne, koya mini."

Ai kamar an ɓalle bakin kwata. Nafi'u ya jero sunayen bindigogi da nisan harbin kowace, ya zana hanyoyin birnin wasan a ƙasa lungu-lungu, ya lissafa makin da ake tarawa kafin a haye kowane mataki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka tambaye shi yaushe yake yi, ya ce kullum, daga tashi makaranta har barci ya sace shi, wani lokacin ma a ƙarƙashin benci.

Hakimi ya ɗaure fuska ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar ɗanka lafiyarta lau. Malamai biyu gare shi. Ɗaya yana samunsa da safe a gajiye, ɗaya ya riƙe shi sauran yini, ba ya gajiya, ba ya tsawa, kuma ya koyar da shi har ya haddace. Shi ne kuma ya koya masa kada ya riƙe komai a kai, tunda ana iya dubawa. Wa ya ɗauko masa wannan malamin?"

Da ƙyar Alhaji ya ce, "Ni na saya masa, ranka ya daɗe, don ya daina damuna."

Hakimi ya ce, "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da bakinka ka yanke hukunci, ni zartarwa kawai zan yi. Malamin aljihu na kore shi, zai zauna a wurina sai yaro ya ci jarrabawa. Wanda ya ɗauko shi kuwa, kullum bayan la'asar zai bar kanti ya zauna a tabarma, ɗansa ya biya masa karatun ranar. Amma kafin nan, tashi ka ba Malam haƙuri a gaban mutanen da ka tozarta shi a idonsu."

Alhaji ya miƙe jiki a sanyaye, ya je ya durƙusa. Malam Haladu ya dube shi, ya ce, "Na yafe, Alhaji. Gobe ka rako shi da kanka, ka ga inda ajinsa yake."

Shi ya sa masu hankali ke cewa, yaro ɗalibin wanda ya wuni da shi ne. Kafin ka tuhumi malamin da ka kai wa ɗanka, binciki wanda ka sa masa a aljihu.