Garkuwar Murfin Tukunya

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo da ake kira Dogo, mutum mai fara'a da ko an mari ƙeyarsa sai ya yi dariya. Abin mamaki, aikin da ya samu na ɗaure fuska ne.

Kamfanin da ke buga littattafan zane na jarumai ne ya ɗauke shi ya riƙa shigar Garkuwa, mataimakin jarumi Tauraro. A littafin, Garkuwa mayaƙi ne mai tabo a kumatu, ba ya murmushi, kullum yana tsaye a bayan ubangidansa.

Mai shigar Tauraro kuwa Gayu ne, wanda kansa ya kumbura da tafi.

"Matsa baya, Dogo, kana ɓata mini hoto," haka yake cewa kullum. Dogo ya haɗiye, ya matsa.

Wata rana aka kai su ɗakin yara a asibiti. A gadon ƙarshe akwai wata yarinya da ake kira Auta, wadda ruwan zafi ya ƙona mata gefen fuska. Ta ƙi yarda a wanke mata ciwon saboda azaba, ga shi nas ta ce in aka ƙara jinkiri zai ruɓe. Mahaifiyarta ta yi lallashi har muryarta ta dushe.

Gayu ya leƙa, ya kawar da kai. "Haba ƙanwata, jarumai ba sa kuka!"

Auta ta harare shi. "Kai ai ko ƙwarzane ba ka taɓa yi ba. Garkuwa nake so."

Dogo ya matso, ya durƙusa. Ta nuna tabon da aka zana masa. "Ya yi zafi?"

Tausayi ya kama shi, amma ya riƙe fuskarsa yadda ta san ta a littafi. "Ya yi."

"Ka yi kuka?"

"Na yi. Amma ban gudu ba."

Sai ta ce, "To ka tsaya a bayana."

Nas ta jawo tiren magani. Daidai nan manajan kamfanin ya leƙo, ya ce mota za ta tashi, ana jiransu a wani taro.

"Ranka ya daɗe, ku je, zan biyo ku," in ji Dogo.

Gayu ya tuntsire da dariya. "Mai riƙe garkuwa ma ya fara ba da umarni? Manaja, irinsa fa ko a titi za a samu."

Manaja ya ce ko Dogo ya taso yanzu, ko ya ajiye kayan Garkuwa. Dogo ya dubi hannun Auta da ya damƙe yatsunsa. Bai tashi ba. Ta yi ihu, ta yi kuka, amma aka wanke ciwon tas.

Washegari aka karɓe kayan, aiki ya tafi. Ya ji zafin abin ƙwarai, don da aikin yake ci da iyalinsa. Duk da haka, ranar wankin ciwo ta gaba sai ga shi da baƙar riga, ya zana tabo da kwallin matarsa, yana riƙe da murfin tukunya a matsayin garkuwa.

Nas ta toshe baki don kada ta yi dariya. Auta kuwa ko a jikinta. "Ka makara, Garkuwa. Koma bayana."

Haka ya yi ta zuwa har fata ta haɗe. Labarin ya bazu, yara suka daina tambayar Tauraro, kamfanin ya dawo yana roƙon Dogo. Yanzu Gayu ne ke neman gurbi a hoto.

Ranar sallama, Auta ta kalli tabonta a madubi, ta daɗe. Sannan ta juyo tana murmushi.

"Ka gani? Tabo ba ya hana murmushi. Saura kai."

Dogo ya yi ta maza, ya yi ta maza, sai dariya ta ƙwace masa tare da hawaye, har kwallin ya zubo masa a riga.

Darasi: Kada ka raina wanda ke tsaye a baya, kuma kada ka bar mai buƙatarka don neman tafi. Ranar wuya, wanda ya tsaya ake tunawa. Ku tura wa wanda ya taɓa tsaya muku, ya san ba ku manta ba.